Rasuwar Ko-ta-kwana, Janareton da Aka Saya Domin Jira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar da har yau ke ciwo saboda jan igiya, Malam Sada Mai-zabi na birnin Daura yana sanar da 'yan uwa, surukai, maƙwabta da sauran masu aro cewa janaretonsa na biyu, wanda aka fi sani da Ko-ta-kwana, ya rasu ranar Asabar da ta gabata, ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai na rana, a rumfar kwano da ke bayan gidan. Ya rasu yana da shekara huɗu da wata biyu. Ya cika ne a gida kuma a bakin aiki, abin da ya ba waɗanda suka san shi mamaki, domin ba a saba ganinsa a gidan ba.

Ga wanda bai san gidan ba, sana'ar Malam Sada ita ce ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Zabuwa tana da ƙoƙari wajen saka ƙwai, amma ba ta da haƙurin kwanci. Saboda haka da zarar damina ta faɗi, matan Sandamu da na Zango da na cikin gari sukan kawo masa ƙwansu a ƙwarya, kowane ƙwai da alamar mai shi a jikin ɓawo. Shi kuma ya jera su a akwatin ƙyanƙyasa mai hawa shida, kowane hawa ƙwai ɗari da ashirin. Akwatin yana son ɗumi daidai gwargwado, da fanka mai juya iska a cikinsa, ba tsayawa, har kwana ashirin da takwas. Wutar gari kuwa takan leƙo unguwar ta gaisa ta wuce. Alkawarin da Malam Sada ke yi wa kowace mai ƙwai bai taɓa canzawa ba: "A gidan nan wuta ba ta ɗaukewa. Biyu gare ni." Ranar da marigayin ya cika, akwai ƙwai ɗari bakwai da ashirin na amana a cikin akwatin. Sun yi kwana ashirin da shida, saura biyu.

An sayo marigayin ne daga shagon Nnaemeka, mai sayar da kayan injuna da gyaransu, wanda ya shekara talatin a Daura. Rana ɗaya aka kawo shi da ɗan uwansa, ƙira ɗaya, jan fenti ɗaya. Wanda aka fara saukewa daga mota shi aka kira Babba, aka ba shi aikin kullum. Na biyun aka ajiye a gefensa, aka rufa masa tsohon bargo. Aikinsa ɗaya ne tak: ya zauna ya jira ranar da Babba zai kwanta.

Shawarar ta Musaddiq ce, ƙanen Hadiyya matar Malam Sada, injiniya mai koyarwa a wata kwalejin fasaha. Shi ya zauna a zaure da takarda da biro ya yi wa mijin yayarsa lissafi.

"Yaya, mu ɗauka Babba zai riƙa kwanciya rana ɗaya cikin ashirin. In shi kaɗai ne, rana ɗaya cikin ashirin ƙwan mutane na cikin haɗari. In kuwa akwai na biyu a gefe, shi ma mai kwanciya ɗaya cikin ashirin, to sai ranar da ciwonsu ya haɗu. Ashirin sau ashirin. Rana ɗaya ke nan cikin ɗari huɗu."

Malam Sada ya maimaita "ɗari huɗu" sau biyu, a hankali, ya ji daɗinta a bakinsa. Washegari ya kai takardar wurin mai firam. Takardar ta ɗan fi gilashin tsawo, sai mai firam ya sa almakashi ya datse layi uku na ƙasa, waɗanda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Bincike ya tabbatar daga baya cewa layukan nan uku su ne sharuɗɗan lissafin: cewa na biyun yana gida, cewa ba ya tsufa yayin da yake jira, da cewa akwai wanda zai juya masa layin wuta ba tare da ɓata lokaci ba. Shekara huɗu ɗari huɗun nan tana rataye a zauren Malam Sada ba tare da sharaɗi ko ɗaya ba.

Marigayin ya yi jira na kwana tara. A rana ta goma wani maƙwabci mai shirin suna ya shigo gaisuwa, ya ɗaga gefen bargon da ɗan yatsa.

"Malam Sada, ashe biyu ne. Wannan ɗin hutu yake yi?"

Bai roƙi komai ba, ba a kuma hana shi komai ba. A unguwarsu, mutumin da ke da abu ɗaya yana iya cewa yana amfani da shi, a fahimce shi. Wanda ke da biyu, ɗayan na lulluɓe da bargo, sai dai ya fito fili ya ce shi marowaci ne, kuma Malam Sada ba a yi masa tarbiyyar faɗin haka ba. Da kansa ya kama hannu ɗaya aka ɗora marigayin a baro.

Daga ranar ya shiga hidimar jama'a, bai kuma fita ba. Ya halarci suna da ɗaurin aure da walima. Ya ɗauki lasifikar tafsiri azumi huɗu a jere. Ya haska wa matasa wasan ƙwallo, ya sanyaya wa masu biki zoɓo, ya taɓa yin mako guda a hannun wani mai walda wanda ya rantse cewa ƙofa ɗaya kawai zai liƙa. An san shi a Sandamu, an san shi a Zango da Baure da Mai'aduwa. Akwai rahoton da ba a tabbatar ba cewa ya taɓa kwana biyu a ƙetaren iyaka ba tare da wata takarda ba. Wanda ya are shi yakan ara wa wani, shi ma ya ara wa surukinsa, har ya kai ga ana sallama a gidajen da ba su san Malam Sada ba ana tambaya, "Injin nan na Sada yana nan wajenku?" Wata rana Malam Sada ya je ɗaurin aure Baure, yana zaune a tabarma cikin baƙi, sai ya ji wani tari da ya sani daga bayan katanga. A saninsa marigayin yana wani gida a Daura, kusa da rijiyar Kusugu. Ya leƙa, suka ga juna. Ya ci shinkafarsa ya dawo.

Duk wanda ya yi hulɗa da marigayin ya shaide shi da haƙuri. Ba ya tambayar inda aka sayo man da aka zuba masa, na gidan mai ne ko na kwalba a bakin titi. Ba ya ƙin kaya, ko da an rataya masa firji biyu da dutsen guga. A ja na uku yake tashi, ba na biyu ba, ba na huɗu ba. Yakan fara da "tuf… tuf…", kamar dattijo mai gyaran murya kafin ya yi magana a taro, sannan ya kama "tututututu" ya riƙe har a sallame shi. In an ƙara masa nauyi sai ya yi ƙasa da murya, "wuuum", na daƙiƙa biyu, ya ci gaba. Ba a taɓa jin ya faɗi abin da ya wuce haka ba.

Ba za a ce Malam Sada ya yi sakaci da shi ba. Musaddiq ya gargaɗe shi cewa inji mai jira yana iya mutuwa a zaune ba wanda ya sani, don haka a riƙa tayar da shi sau ɗaya a mako a ji lafiyarsa. Malam Sada bai taɓa tsallake wannan ba. Kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci yakan wuce rumfar kwano kai tsaye. In ya tarar da bargo a ninke, wurin babu kowa, kamar yadda ya fi yawan tararwa, sai ya ciro waya ya kira wanda injin ke hannunsa.

"Yana nan ƙalau? To ɗan matsa da wayar kusa da shi in ji."

Sai ya saurara, ido a rufe, ya gyaɗa kai, ya shiga gida ya shaida wa Hadiyya cewa an gwada, lafiya lau. Ita kuma takan ce, "Madalla, Malam. A gaishe shi."

Baƙin mai kuwa, Babba ake canza wa duk mako biyu, tunda shi ke aiki. Marigayin sau uku aka canza masa a rayuwarsa, domin a ƙa'idar gidan shi mai jira ne, mai jira kuma ba ya ƙona mai. Masu aro su ma ba su taɓa buɗe wurin ba. Sun ɗauka rashin kunya ne mutum ya ari abu ya kama leƙa cikinsa.

A tsawon shekarun nan Babba ya kwanta fiye da sau ashirin, kamar yadda lissafi ya faɗa. Amma ciwonsa ƙarami ne kullum: fulogi ya yi baƙi, ko datti ya toshe hanyar mai. A kira Nnaemeka, ya hau babur, kafin ruwan shayi ya tafasa Babba ya tashi. Saboda haka ba wanda ya taɓa waiwayawa ya ga cewa wurin mai jiran babu kowa.

Tafiyarsa ta ƙarshe ta fara ne ranar Alhamis. Gwaggo Zulfa ta Zango, ƙanwar mahaifin Malam Sada, wadda ta goye shi yana jariri, ta aiko cewa ɗanta Kabiru ya dawo daga aikin Hajji, za a yi walima ranar Asabar, a kawo mata "ƙaramin injin nan da ba ya komai". Ya kamata a sani cewa Malam Sada yana jera ƙwai a akwatinsa ne bisa girman masu su. Hawa na ƙasa na amare ne da ƙananan mata, a yi ta hawa har a kai na sama, wanda shekara huɗu ke nan na Gwaggo Zulfa ne ita kaɗai. Bai taɓa yarda ƙwan wata ya zauna a kan na gwaggonsa ba.

Hadiyya ta same shi yana kwance bargon.

"Malam, saura kwana huɗu fa."

"Gwaggo ce ta aiko."

"Ƙwanta ma na ciki."

Malam Sada ya nuna mata bangon zaure da haɓa. "Ɗari huɗu," in ji shi. Ta dubi firam ɗin, ta dube shi, ta koma wurin tukunyarta.

Ranar Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, babu wutar gari tun jiya, Babba ya yi shiru a tsakiyar magana. Malam Sada ya ja igiya har sau arba'in bisa ƙiyasin masu kallo. Nnaemeka ya iso a kan babur, ya ciro fulogi, ya goge, ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya miƙe yana share hannu.

"Malam Sada, yau ba fulogi ba ne. Kwayil ne ya ƙone, abin da ke ba shi tartsatsin wuta. Irinsa ya ƙare a shagona, sai gobe daga Kano. Ina ƙanensa?"

Ya ɗaga bargon da ke ninke a gefe, ya duba ƙarƙashinsa, ko da yake bargon bai fi tsayin tafin hannu ba. An fahimci cewa don girmamawa ya yi hakan.

Malam Sada ya kira Zango. Alhaji Kabiru ya ɗauka. Malam Sada ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi gajiya, ya tambayi mutanen Makka da na Madina. A bayan muryar Alhajin yana jin wani malami na addu'a a lasifika, jama'a na amsawa, a ƙarƙashinsu duka kuma "tututututu" na marigayin, yana ɗauke da taron gaba ɗaya. Ta yaya mutum zai ce a kashe lasifika ana tsakiyar addu'a? Ya ce Allah ya karɓi ibada. Ya sake cewa Allah ya karɓi ibada. Yana shirin faɗi a karo na uku Hadiyya ta ɗora tafin hannunta a saman akwatin ƙyanƙyasa, ta janye shi da sauri.

Abin da ta gane shi ne abin da mijinta bai lissafa ba. Shi sanyi yake tsoro. Amma ƙwan da ya kai kwana ashirin da shida, ɗan da ke ciki ya riga ya zama tsuntsu mai zafin jikinsa. Ɗari bakwai da ashirin a akwati ɗaya rufe, a ƙarƙashin kwano, a watan Yuni, fanka a tsaye: zafin ba ya zuwa ko'ina sai sama.

Ta miƙa hannu ta karɓi wayar.

"Alhaji, barka da dawowa. Ba ni Gwaggo." Ta jira. "Gwaggo, ina wuni. Babban inji ya mutu. Ƙwai na dahuwa a akwati."

"Ƙwan wa?"

"Na kowa. Naki ne a sama."

Waɗanda ke wurin walimar sun ce Gwaggo Zulfa ta miƙe da sandarta, ta ratsa tsakar gida, ta tsaya a kan marigayin har aka kashe shi. Malamin ya ƙarasa addu'arsa da muryar da Allah ya ba shi, aka kuma gano cewa ta isa ko'ina a gidan.

A Daura kuwa an samu saɓani. Dokar sana'ar ita ce ba a buɗe akwati a kwanaki ukun ƙarshe, kuma Malam Sada ya tsaya a gaban ƙofar yana faɗin haka.

"Malam, taɓa ka ji," in ji Hadiyya.

"Doka ce, Hadiyya."

"Dokar ta san fanka ta tsaya?"

Ya taɓa. Ya matsa gefe. Minti arba'in da biyar ke nan da tsayuwar fankar. Hadiyya ta buɗe ƙofar, zafi ya bugi fuskarta kamar ta buɗe tukunyar dambu. Ta zaro hawa na sama, ta ajiye ƙwan Gwaggo Zulfa a ƙasa, a kan tabarma, ƙasa da na amaryar da ta fi kowa ƙuruciya. Malam Sada ya kau da kai.

Sannan ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta. Mata shida suka shigo, kowace da faifai ko mafici, kuma babu ɗaya a cikinsu da marigayin bai taɓa haska wa taro ba. Hadiyya ta tsara su. Biyu a gaban akwati suna fifita. Biyu a tsaye a bayansu, faifai a hannu, kuma ta ce kada ta baya ta jira ta gaba ta gaji: ta fara kaɗa nata tun hannun ta gaban bai sauka ba. Biyu na zaune suna hutawa, su ne kuma ke yayyafa ruwan ɗumi a buhun da aka shimfiɗa don kada ɓawo ya bushe. Da azahar ta yi, bibbiyu suka yi salla. Iskar ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

Musaddiq ya iso a wannan hali. Ya tsaya a bakin rumfa ya daɗe yana kallo.

"Yaya Hadiyya, kin san wannan shi ne abin da nake koya wa ɗalibai zango guda ba su gane ba? Mai jira a kusa, a shirye, ya karɓa tun kafin…"

"To karɓi faifai," in ji ta.

Ƙarfe ɗaya da rabi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, marigayin a baya tsakanin kujerun haya, Gwaggo Zulfa a gaba kusa da direba. Awa ɗaya da kwata ke nan daga kiran waya. A tarihin aronsa, mafi saurin dawowa kafin wannan kwana shida ne.

Bai tashi a ja na uku ba. Ya tashi a na tara. Malam Sada ya juya masa layin wuta da hannunsa, fanka ta motsa, aka mayar da ƙwai, aka rufe akwati. Karo na farko ke nan da marigayin ya ɗauki aikin da aka saye shi dominsa. Sai dai a cikin "tututu" ɗinsa akwai wani sabon abu, "ƙwal, ƙwal", kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Nnaemeka ya karkata kai ya saurara.

"Wannan ba tari ba ne, Malam Sada. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Na ƙara masa sabon mai kafin mu tayar, amma wanda na tarar a ciki kwalta ce. Shawarata, mu kashe shi yanzu, in cire kwayil ɗinsa in sa wa Babba. Ƙirarsu ɗaya."

"Yana numfashi za ka feɗe shi?"

Nnaemeka bai yi musu ba. Ya shimfiɗa tsumma a gefen marigayin, ya jera sifanu a kai daga ƙarami zuwa babba, ya ja benci ya zauna. Hadiyya ita ma ta hana matan tafiya. Ta kawo musu fura, ta ce kowace ta sha da hannu ɗaya.

Ya yi minti arba'in da bakwai. Kalamansa na ƙarshe, kamar yadda mutum goma sha ɗaya suka ji, su ne: "Tutu… tuf… ƙwas." Wani shuɗin hayaƙi ya fita, ya bi ta ƙarƙashin kwano. Kafin fankar akwati ta gama juyinta na ƙarshe an buɗe ƙofa, faifai biyu na kaɗawa. Nnaemeka ya yi aikinsa cikin minti talatin da biyar, yana hura yatsunsa saboda zafin ƙarfe. Kafin kiran la'asar Babba ya tashi a ja ɗaya, da kwayil ɗin ƙanensa a jikinsa, kuma yana aiki har lokacin rubuta wannan sanarwa.

Bayan rasuwar, Musaddiq ya goge ƙura daga ɗan agogon da ke ƙirga awannin aiki a ƙirjin kowannensu. Babba, wanda ke aiki da damina ya huta da rani, yana da awa dubu biyar da ɗari bakwai. Marigayin, wanda aka saya don ya huta, yana da dubu bakwai da ɗari biyu, domin biki ba shi da damina ba shi da rani. Da aka tambayi Hadiyya, ta ce a ganinta yakan kwana gida rana ɗaya cikin biyar. Musaddiq ya juya bayan wata takarda ya sake lissafi.

"Ɗaya cikin ashirin da biyar, Yaya. Da ba ka saye shi ba sam, ɗaya cikin ashirin ne."

"Amma sau ɗaya abin ya faru a shekara huɗu," in ji Malam Sada. "Takardar ba ta yi ƙarya ba."

"Ba takardar ba ce ta tsare ka. Babur ɗin Nnaemeka ne."

Ƙwai sun fara fashewa ranar Litinin, suka gama ranar Talata. Hawa biyar na ƙasa sun ba da 'yan zabi ɗari huɗu da saba'in da ɗaya daga ƙwai ɗari shida, wanda ba a ƙirga shi abin kunya a sana'ar. Hawa na sama, ƙwai ɗari da ashirin da Gwaggo Zulfa ta tsinta ɗaya-ɗaya a ciyawar bayan gidanta tun ruwan fari, ya ba da talatin da takwas.

Gwaggo ba ta koma Zango ba sai da ta gani da idonta. Ta zauna a kujera 'yar tsugunne, ta ƙirga su da kan sandarta, ta sake ƙirgawa. Malam Sada na durƙushe a gabanta. Ya ce zai cika mata daga rabonsa. Ta ce zabinta masu farin ƙirji ne, ba ta son na wani.

"Wa ya sa ƙwaina a sama?"

"Ni ne, Gwaggo. Girmanki ne."

Ta daɗe tana kallon 'yan tsakin suna tattaka juna a kwali.

"Ni na aiko a ɗauki injin, wannan laifin nawa ne. Na girman kuwa naka ne. Daga yau ka sa ni a ƙasa."

An samu labarin cewa tuni manyan mata uku daga Sandamu suka aiko suna neman hawa na ƙasa, kowace tana kafa hujja da shekarunta.

Marigayin ya bar ɗan uwa ɗaya, Babba. Da bargo ɗaya wanda bai tsufa ba. Da 'yan zabi ɗari biyar da tara. Da gidaje fiye da sittin a faɗin masarautar waɗanda ba su riga sun san inda za su nufa ba. Ya kuma bar igiyarsa, wadda Malam Sada ya naɗe ya sa a aljihun rigarsa, bai yi wa kowa bayani ba.

An riga an kawo magajinsa daga shagon Nnaemeka. Musaddiq ya sake rubuta takardar, wannan karon sharuɗɗan uku a sama da manyan baƙaƙe, lambar a ƙasa inda almakashi zai iya samunta. Malam Sada kuma, bayan ya yi shawara da kansa kwana biyu, ya kira magini aka binne ƙafafun sabon injin a siminti har idon sawu. Ta haka duk wanda ya zo aro zai ji daga bakinsa cewa ga shi nan, ɗauka, sauran bayanin kuma siminti ya yi. Gwaggo Zulfa ta duba aikin kafin ta hau mota, ta ƙwanƙwasa simintin da sanda, ta yaba ƙarfinsa.

"Madalla. Ke nan bikin jikata na watan gobe a nan gidan za a yi shi."

"To, Gwaggo," in ji Malam Sada. An ga Hadiyya tana rataye faifai shida a ƙusa ɗaya kusa da akwatin ƙyanƙyasa.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis bayan sallar la'asar daga rumfar kwano zuwa bayan shagon Nnaemeka, a baron da ya fara fita da shi. A can za a raba abin da ke da sauran amfani, saura kuma a miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe. Limamin unguwa ya bayyana cewa ba a yi wa ƙarfe salla, amma zai zo a gaisa. Kafin nan za a ajiye marigayin a ƙofar gida tun daga hantsi domin masu son yin bankwana. Ana roƙon duk wanda ke riƙe da murfin tankinsa na asali, ko mazurarinsa, ko doguwar wayarsa baƙa, ya taho da su. Ba za a tambayi kowa komai ba.

Ana kuma shawartar masu zuwa ta'aziyya kowa ya zo da maficinsa, su kuma matso kusa idan za a yi jawabi. Babba yana bakin aiki, sabon kuma yana cikin siminti. Iyalan sun zagaya unguwa neman aron janareton da zai ɗauki fanka da lasifika, ba su samu ba. Wannan ne taro na farko cikin shekara huɗu da marigayin zai halarta yana hutawa.